Matar da Ke Ɗiban Ruwa da Tsakar Rana

Akwai wata ƙarya da na yi tun ina saurayi, wadda ban taɓa ɗaukarta a bakin komai ba sai da na gan ta a cikin littafi, an buga ta da kyau, an yi mata bango mai hoto. Na yi laifuffuka a rayuwata kamar kowa, amma wannan ce nake so a ce ban yi ba, domin ta faɗa ne a kan wadda ba ta ji ba, ba ta gani ba, daga baya kuma ta bi 'yarta.

Ni mutumin Toranke ne, a ƙasar Ajingi. Karatuna na boko bai wuce firamare ba, sai na allo da na ɗan taɓa. Noma na gada, shi nake yi har ƙarfina ya ragu. Lokacin da nake saurayi mahaifina ya bar mini wani ɗan lambu a bayan gari, mai itatuwan gwaiba da mangwaro. A bayan shingen lambun akwai wata tsohuwar rijiya da mutane suka rage zuwa, tun da aka haƙa sabuwa a cikin gari.

Yara suka sa gwaibar nan a gaba. Da zarar na tafi gida cin abinci da sallar azahar, sai su tsallako shinge. Na sa ƙaya, suka janye. Na kama wasu na zane, iyayensu suka yi fushi da ni. Wata rana na tarar da su a bakin shingen, maimakon in kore su sai na kira su, na rage murya, na ce ina jin tausayinsu ne. Na ce akwai wata mata da ke zuwa tsohuwar rijiyar nan da tsakar rana, lokacin da inuwar mutum ke komawa ƙarƙashin ƙafarsa. Ba ta yi wa kowa magana. Idan ta jawo guga sai ta leƙa cikin ruwan, duk yaron da fuskarsa ta bayyana a ciki, sai ta juye kurwarsa a tulu ta tafi da ita gida.

A nan take na ƙirƙira shi, ban ma yi tunani ba. Kuma ya yi aiki. Daga ranar ban sake ganin sawun yaro a lambuna ba.

Abin da ya kamata in faɗa shi ne, da gaske akwai matar da ke ɗiban ruwa a rijiyar da tsakar rana. Mijinta ya rasu ya bar ta da 'yar ƙaramar yarinya. Asalinsu mutanen gabas ne, Barebari, amma kakanninta ma a nan aka binne su, sai dai tana da tsagen gidansu a fuska. Waina take soyawa da safe a ƙofar gidanta. Ba ta sauke tanda sai rana ta ɗaga sosai, lokacin ne take samun sararin zuwa ruwa, tsohuwar rijiyar kuma ta fi kusa da ita. Ban yi nufinta ba. Amma ba zan ce ban san tana zuwa ba. Ina jin ganinta da nake yi kullum ta bayan shinge ne ya sa mini labarin a baki.

A ƙarshen daminar nan ɗan maƙwabcinmu ya kwanta da zazzaɓi mai zafi. Yana cikin yaran da na ba labarin. Da jikin ya tsananta ya shiga sambatu, yana cewa ga ta nan da tulu, ta rufe shi a ciki. Mata suka tambaye shi wace ce, ya ce mai waina.

A wurinmu idan aka zargi mutum da maita, akan sa shi ya zo ya tsallake marar lafiyar, ya kuskure baki ya ba shi ruwan ya sha, wai ya sakar masa kurwa. Aka je aka taho da ita. Ina tsaye a zauren gidan lokacin da ta shigo, 'yarta na riƙe da gefen zanenta. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi rantsuwa ba. Cewa kawai ta yi, "Ni ban san komai a kan yaron nan ba. Amma in tsallakewata za ta sa ya tashi, zan tsallake." Ta tsallake shi, tsakar gidan cike da mutane. Na san inda maganar ta samo asali, na kuma yi shiru. Tsoro nake ji a ce ni na jawo, kuma gwaibata ta fara nuna.

Yaron ya warke. A makon nan mahaifinsa ya kai shi Gaya aka yi masa allura, amma ba wanda ya sa wannan a lissafi. Tun daga nan aka daina sayen wainarta. Ta koma surfe da sussuka a gidajen da suka yarda ta shiga. Daga baya ta kwashe kayanta ta koma wurin yayanta a Gafasa, can ta rasu. Ban je gaisuwa ba.

Labarin kuwa ban bar shi ba. Na ba 'ya'yana, na ba jikokina. Kowace shekara yana ƙara kyau a bakina. Na ƙara masa tsagen fuska, na ƙara masa waina, na ƙara yarinyar da ke riƙe da zane, na ƙara yaron da ya warke. A hankali na daina jin cewa mutum nake magana a kansa.

Cikin jikokina akwai 'yar babban ɗana, wadda ke karatu a Kano. Tun tana ƙarama ita ce mai zama kusa da ni idan ana hira. Muna wasan jika da kaka, ina ce mata amarya, tana ce mini tsohon miji. Ta taso da son rubutu, kullum kanta na kan waya. Wani hutu ta zo ta ce, "Tsohon miji, ka wanke babbar rigarka. Mun haɗa littafi, za a ƙaddamar a Gaya, kuma kai ne baƙona."

Na ce, "Littafin me? Na girki? Ai da kin fara koyon tuwo tukuna."

Ta ce, "Na ban tsoro ne. Ka zo da wanda zai riƙe maka hannu."

Ashe wasu matasa ne masu rubutu, daga Gaya da Ajingi da Kademi da wasu garuruwan, suka haɗu kowa ya kawo gajeren labari na ban tsoro, aka tara su a littafi ɗaya. Ban tambaye ta wane labari ta kawo ba.

An yi taron da hantsi a wani ɗakin taro, da kujerun roba da janareta mai yawan tari. Ban taɓa zuwa ƙaddamar da littafi ba. An jera littattafan a tebur, bangonsu baƙi, da hoton bishiyar kuka da wasu jajayen idanu a cikin kogonta. Wani malamin makaranta ya yi sharhi. Ya ce yaranmu sun daɗe suna kallon abin tsoron wasu ƙasashe a waya, yau ga namu na gida, da rijiyoyinmu da rumbunanmu. Aka tafa. Manyan baƙi suka sayi nasu, aka raba lemo. Sannan marubutan suka riƙa fitowa suna karanta kaɗan daga labaransu. Wani ya karanta na ɗan acaɓan da ya ɗauki fasinja a hanyar Kademi, suna tafiya fasinjan na ƙara nauyi har babur ya nutse a yashi. Mutane suka yi ta dariya, rabi tsoro rabi jin daɗi.

Da jikata ta karɓi lasifika ta fara, a jimla ta biyu na gane labarina. Ta gyara shi fiye da yadda na taɓa iyawa. Ɗakin ya yi tsit, har wata mata a bayana ta riƙa karanta addu'a a hankali. Ba ta ambaci sunan garinmu ba, amma ta sa lambun gwaiba da tsohuwar rijiya da tsagen fuska da waina da komawa Gafasa. A ƙarshe ta ƙara abin da ban taɓa faɗa ba. Ta rubuta cewa da matar ta mutu ba a ga tulun ba, an ce yana hannun 'yarta, ita ma waina take soyawa.

Da ta gama ta ce, "Wannan ba ƙirƙira ba ce. Ga wanda ya gani da idonsa, kakana." Aka ce in miƙe. Na miƙe da babbar rigata, aka yi ta tafi, ana ɗaukata hoto. Dole in faɗi gaskiya, daɗi na ji. A mota muna komawa gida ina rungume da littafin da ta sa mini hannu.

Littafin ya karɓu fiye da yadda su kansu suka zata. Waɗanda aka buga da farko suka ƙare. Wani saurayi mai murya ya karanta labaran a waya, aka riƙa tura wa juna, sai ya kai har ga waɗanda ba su iya karatu ba. A teburin mai shayi ana saurare, a wurin masu cajin waya ana saurare, mata na surfe waya na kan turmin da ke gefe. Limaminmu ya yi ɗan gunaguni, ya ce a rage tsoratar da yara da abin da ba shi da tushe, amma 'ya'yan gidansa ma sun haddace. Labarin jikata ne aka fi so. Samari suka riƙa zuwa bayan lambuna suna ɗaukar hoton rijiyar, wadda yanzu ta cushe da ƙasa. A majalisa aka riƙa matsa mini wuri, ana cewa in ƙara ba da shi daga bakin mai shi. Na ba da shi.

Yarinyar nan mai riƙe da zane tana raye. Ta yi aure a Ajingi, ta haifi 'ya'ya, har ta fara jikoki. Sana'ar uwarta ta ɗauka, tana soya waina kusa da tasha. Tsofaffin da suka san abin da ya faru yawancinsu sun mutu, sauran sun manta, wainarta kuma tana da kyau, har layi ake yi. Nakan saya idan na je kasuwa. Tana ce mini Baba, don ta san ni mutumin garinsu ne. Ban taɓa tunanin labarin zai iso gare ta ba. Ko kuma in ce ban yarda na yi tunanin ba.

Wata ranar kasuwa na biya ta wurinta. Benci babu kowa. Wutar ta kusa mutuwa, ƙullu cike da roba ya kumbura ya fara tsami. Wasu 'yan mata suka wuce ta ɗaya gefen hanya suna nuna ta da baki.

Na yi sallama na zauna. Ta amsa ba ta ɗago ba, sannan ta ce, "Baba, kai ma kallon tulun ka zo? Ga shi can a gindin bango. Ruwa ne a ciki, in kana jin ƙishirwa."

Na ce waina na zo saya.

Ta hura wuta ta zuba mai a tanda. Tana juya wainar tana magana, ba da faɗa ba, kamar mai ba da labarin farashin gero. Ta ce tun da aka fara jin abin nan a waya ciniki ya tsaya. Masu aiko yara da kwano sun daina. Matar da ke ba ta aikin wainar suna ta aiko a ce ta fasa. A Islamiyya ana kiran jikokinta 'yan gidan tulu. Ta ce, "Na ɗauka abin nan an binne shi tare da Inna. An ce kai ka ba da labarin, har ka miƙe aka tafa maka. Me ka gani, Baba? Ni ina wurin, ban ga komai ba sai uwata tana ɗaga ƙafa."

Na ce Allah ya kyauta, na biya, na tashi. Ko a ranar ma ban iya faɗa ba.

Da jikata ta zo gida na kira ta zaure. Ta shigo da wasanta, tana cewa tsohon miji ya zama sananne, za a ƙwace mata shi. Na ce ta zauna. Na gaya mata komai, tun daga gwaiba.

Da na gama ta ɗago ta dube ni. Sannan ta ce, "Kaka." Ban tuna ranar da ta kira ni haka ba. "Na tambaye ka fa. Kafin in rubuta na tambaye ka ko gaskiya ne, ka ce da idonka ka gani."

Na ce haka ne.

Ta ce, "Na ɗauka sun mutu duka. Maganar 'yar ma ni na ƙara, don ƙarshen ya yi daɗi." Ta sa fuska a mayafi. Na ce nata kuskure ne, nawa ne laifi. Ta ce wannan rabon ba zai sayar da waina ko ɗaya ba.

Washegari muka tafi Ajingi tare, har gidan matar. Aka shimfiɗa mana tabarma a zaure. Na faɗa mata abin da na faɗa wa jikata, ban rage ba. Jikata ta ba ta haƙuri a kan abin da ta ƙara. Matar ta saurare mu har ƙarshe, hannunta a kan gwiwa.

Ta ce, "Saboda gwaiba."

Na ce, "Saboda gwaiba."

Ta ce, "Baba, ni ba ni ce mai bukatar jin wannan ba. Ni na san uwata ba mayya ba ce, nononta na sha. A gaban mutane aka sa ta tsallake, a gaban mutane aka tafa maka. In za ka faɗa, ka faɗa a inda suke."

Ranar Juma'a na nemi izinin liman a Toranke. Bayan an idar, kafin a watse, na miƙe na ce ina da magana. Na faɗi yadda na ƙirƙiri labarin, da yadda na tsaya a zaure na yi shiru. Wasu suka sunkuyar da kai. Wani ya ce tsufa ne ya fara taɓa ni. Yaron nan da ya yi zazzaɓi yana cikin sahu, yanzu dattijo ne mai furfura, tela ne a bakin kasuwa. Ya ce, "To ni wa ya kama ni? Ni fa na ga tulun."

Na ce, "Sauro ne ya kama ka. Tulun kuma ni na sa maka shi a kai. Gwaiba nawa ka sace mini kafin nan?"

Aka yi dariya, shi ma ya yi, amma da muka fito ya biyo ni ya ce abin ya dame shi. Ya ce duk rayuwarsa idan ya hango 'yar mai wainar nan a Ajingi sai ya sauya hanya.

Na sake faɗa a tashar Ajingi ranar kasuwa, ina tsaye kusa da tandarta, direbobi da 'yan kamasho na saurare. Jikata ta ɗauki muryata a waya ta tura duk inda aka tura labarin. Sai dai na lura maganata ba ta yi tafiyar da labarin ya yi ba. Tsoho yana cewa ya yi ƙarya ba shi da daɗin saurare kamar mace mai tulu. Har yau akwai masu cewa an roƙe ni ne in janye.

Marubutan ma sun yi ta muhawara a tsakaninsu. Wasu suka ce labari labari ne, ba sunan kowa a ciki, ba laifinsu ba ne idan mutane suka ɗauke shi da gaske. Jikata ta ce ita ce ta tsaya da lasifika ta ce gaskiya ne. A ƙarshe suka yarda a bugu na gaba za a cire tsagen fuska da waina da Gafasa da maganar 'yar, a kuma sa wannan bayani nawa a bayan littafin. Shi ya sa na zauna na rubuta, da hannuna, jikata ta gyara mini inda na kuskure. Ban ce a daina karanta littafin ba. Akwai labarai masu kyau a ciki, na ɗan acaɓan nan har yanzu yakan sa ni waiwaye idan na hau babur.

Ciniki ya fara dawowa, amma bai koma kamar da ba. Direbobi ne suka fara zama, don su yunwa ba ta barinsu dogon tunani. Telan nan yana aikowa a saya masa duk ranar kasuwa, wani lokaci ya zo da kansa. Matar da ta fasa wainar suna ba ta dawo ba. Ni kuma duk ranar kasuwa nakan je in zauna a bencin, in ci a inda kowa zai gan ni, in sha ruwan tulun. Haƙorana ba su da ƙarfi, takan zaɓa mini masu laushi.

Na taɓa roƙonta gafara kai tsaye. Ta ce nata ta yafe, don ba ta son ta tashi da kaya ranar lahira. Na uwarta kuwa ta ce ba a hannunta yake ba. Ban sake tambaya ba. Na je Gafasa, wani tsoho ya nuna mini wajen da yake zaton nan ne kabarin, na yi addu'a a wurin.

Abin da nake roƙon wanda ya karanta wannan kaɗan ne. Idan za ku tsorata yaro don ya bar muku kayanku, ko za ku rubuta labarin da zai hana mutane barci, ku yi, amma ku duba kada akwai wani mai rai da ke tsaye a inda kuka ajiye dodonku. Idan kuma kun ga an taru a kan mutum saboda maganar da ta fito daga bakinku, ku yi magana a ranar, tun yana tsakar gidan. Kada ku yi irin shirun da na yi. Wanda kuma hanya ta biyo da shi ta tashar Ajingi, ya tsaya ya sayi waina.